Shekarar da Sale Ya Riga Ni Sauka

A shekarar da ƙanena Sale ya mutu a cikin rijiya na yi niyyar kashe kaina. Ban yi ba. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa babanku ya taɓa taɓuwa, wai aljanar rijiya ta kama shi har yana zama gindin ɗorawa yana magana shi kaɗai. Ba haka aka yi ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, shi ya sa nake faɗa yayarku Rabi tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta sassauta min ko kalma ɗaya.

Haƙar rijiya da yasarta muka gada. Ubanmu ya bar mana dagi, igiya, da doka biyu. Ta farko, kafin mutum ya sa ƙafa a rijiya sai an kunna fitila an zura ta har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, ba mai sauka. Ta biyu, babba ne ke fara sauka, ƙarami ya tsaya kan igiya. Fiye da shekara ashirin muna aiki ni da Sale, daga nan Ɗansoshiya zuwa Ƙofa har cikin ƙasar Tudun Wada, ba mu taɓa karya ko ɗaya ba. Rana ɗaya muka karya su duka biyun. An kira mu yasar wata tsohuwar rijiya mai zurfin gaba goma sha huɗu a wani ƙauye bayan Kafin Maiyaki. Mai gidan ya aro injin ban ruwa don a janye ruwan da sauri. Tiyon bai kai ƙasa ba, sai aka ɗaure injin da igiya aka zura shi rabin rijiya, ya yi ta aiki a ciki tun hantsi. Da ruwa ya ƙare aka kashe shi aka jawo. Fitila tana cikin buhu, na gan ta da idona. Na ce a raina, rijiyar da aka wuni ana motsa ta, ina za ta tara mummunar iska? Ban san hayaƙin inji yana kwanciya a ƙasan rijiya ya ƙi tashi ba. Ina tsaye muna gardama da mai gida kan inda za a zubar da laka, sai na ji muryar Sale.

"Yaya, kai da surutu. In na jira ka sai mun yi la'asar a nan."

Na ce, "Jira ni."

"Gama shari'arka ka same ni."

Ya ɗaura igiya a gungumen bakin rijiya ya sauka. Na kira sau biyu, ba amsa. Na bi shi. Na tuna hannuna ya taɓa rigarsa, daga nan ban san komai ba sai a gadon asibiti. Ni an ciro ni da rai. Shi an ciro gawa.

Ban yi kuka ba. Na zauna makoki, na karɓi gaisuwa, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, na ce haka ne. Na yarda da hakan, har yau na yarda. Amma da mutane suka watse sai wata magana ta zauna min a kai, ba ta tashi: layinka ne, kai ya kamata a binne. Da ita nake alwala, da ita nake cin tuwo, har tuwon ya daina wucewa. Na daina karɓar aiki. Gidan Sale yana kan hanyar masallaci, matarsa Talatu tana ciki da yara huɗu, sai na koma zagayawa ta bayan makabarta don kada in wuce ƙofar. Damina ta zo ta wuce, uwarku Hauwa ce ta tsaya aka nome gonar. Daga baya maganar ta haifi wata: Talatu da 'ya'yanta za su fi samun sanyi in ba sa ganinka, gidanka ma nauyi ka zama. Da kaka ta yi sai na ji wani irin sauƙi, don na gama yanke shawara. Na gyara rufin ɗaki. Na kai Rabi gona na nuna mata iyakokinta. Na ɗauki dagin ubanmu na ba wani maƙwabci. Washegari da safe uwarku tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta yi magana.

"Malam, dagin Baba ka bayar?"

"Na bayar."

"Shekaranjiya kuma ka nuna wa Rabi iyakar gona. Tafiya za ka yi?"

Ta ajiye rariya.

"Malam, ni ba yarinya ba ce. Kashe kanka kake so ka yi?"

Ba a taɓa furta wannan kalmar a gidanmu ba. Na duba ta, na ga ba ta da niyyar sauke ido. Na ce, "Eh." Ba ta yi ihu ba, ba ta kira maƙwabta ba. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa a bakin zaure ta zauna a kai, ta aika a kira Rabi daga gidan mijinta. Ku riƙe wannan: mutum na farko da ya cece ni uwarku ce, kuma da tambaya ta yi shi.

Rabi ta ɗauko mai mashin muka je ƙaramin asibiti a Kafin Maiyaki. Ma'aikaciyar ta saurare ni, ta ce ciwo ne kuma yana da magani, amma likitocinsa suna birni. Na ce ba inda za ni, ba za a ɗauke ni a mota gari yana kallo a ce an kai Garba Mai-rijiya gidan mahaukata ba. Ta ce to akwai wani tsari da ake ganin likitan ta waya, ta intanet, sau ɗaya a mako, kana ganinta tana ganinka, a tsakani kuma kana aika mata saƙon murya. Ta ce magana ce maganin, ana koya wa mutum yadda zai kama tunanin da ke cutar da shi ya bincike shi. Rabi ta zaro babbar wayarta ta ɗora min a cinya.

Na ce, "Ni da aka ciro daga gaba goma sha huɗu da maza shida, wannan abar ce za ta ciro ni?"

"Baba, in ba ta ciro ka ba ka dawo min da wayata. Dama ba da son raina na ba ka ba."

A cikin gida waya ba ta kamawa. Inda take kamawa sosai shi ne gindin ɗorawar nan ta bakin gonarmu. Nan na koma zama kowace Talata bayan la'asar, da abin sauraro a kunne, uwarku tana can nesa kaɗan tana tsinkar yakuwa kamar ba ni take gadi ba. Likitar mace ce mai tabarau, ba ta girmi Rabi ba. Na zaci wa'azi za ta yi min. Wuta da aljanna na riga na sani, sanin ne ma ya riƙe ni har na kai wannan ranar. Ba ta yi ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambaye ni abin da nake shirin yi kai tsaye kamar mai tambayar zurfin rijiya, na faɗa mata. Ranar farko ba mu taɓa zancen Sale ba. Ta sa aka kira uwarku, aka kwashe wasu abubuwa daga gidan, ba sai na lissafa muku ba. Ta sa na zaɓi mutum uku da zan gaya wa in abin ya taso, ta ba da lambar da za a kira a kowane lokaci, ta ce in ya yi nauyi kada in zauna ni kaɗai, in kuma ya fi ƙarfin gida a kai ni asibiti ko ina so ko ba na so. Na yarda da bakina a gaban uwarku. Sannan ta ba ni aikin gida: kullum in rubuta nauyin tunanin, daga ɗaya zuwa goma, da abin da nake yi lokacin da ya zo.

Na ce, "Likita, ni ba na rubutu."

"To Baba, in kuna aiki da me kuke riƙe lissafi?"

"Da igiya. Kowace gaba ƙulli ɗaya."

"Kana da igiya?"

"Ita ce ba na rasawa."

"Sirriya nake so, irin ta ɗaurin buhu. Mama ta yanka maka guntaye bakwai."

Haka aka yi. Guntu bakwai, kwana bakwai. Kullum bayan magariba in ƙulla nauyin tunanin ranar, uwarku ta rataye a ƙusa, in danna waya in faɗi yadda ranar ta wuce. Da farko na ɗauka wasan yara ne. Da aka yi mako uku Likita ta ce in shimfiɗa su duka a ƙasa in nuna mata. Na shimfiɗa, na tsaya ina kallo. Ni da nake rantsuwa abin kullum iri ɗaya ne, ba dare ba rana, sai ga wata rana ƙulli tara, wata huɗu, wata ma uku. Masu tara ranakun da na wuni a ɗaki ne. Masu uku, ranar da na taya maƙwabci ɗaure dawa, da ranar da na kai akuya kasuwa. Igiya ba ta yi min ƙarya ba a shekara ashirin, ban ga dalilin da zan ƙaryata ta yanzu ba. Daga nan Likita ta sa kullum sai na yi aiki ɗaya da hannuna kafin azahar, ko ina so ko ba na so. Daga baya ta gaya min ta koya wa wasu marasa rubutu irina wannan dabarar ta ƙulli. Dabarata ce. Rabi, rubuta wannan da kyau.

Sai a mako na biyar muka sauka kan Sale.

"Baba, me tunanin ya ce yau?"

"Ya ce ni na kashe shi."

"Fitilar, wa ya bar ta a buhu?"

"Ni."

"To wannan gaskiya ne, ba zan ce maka ba haka ba ne. Ka san hayaƙin inji yana kwanciya a ƙasa?"

"Ban sani ba."

"Babanku ya taɓa faɗa muku?"

"Ubanmu bai taɓa ganin inji ba."

"Kai ka ce ya sauka?"

"Cewa na yi ya jira."

"Da ya yi shiru me ka yi?"

"Na bi shi."

"To ka je ka shirya maganar yadda in an kai ta gaban alƙali ba wanda zai ce ka ƙara ko ka rage."

Na kashe wayar ranar ban yi mata sallama ba. Haushi ya kama ni, don wata bakwai ana ce min ba laifina, ita kaɗai ce ta ce eh, akwai laifinka a nan, amma iyakarsa ke nan. Mako guda na yi ina sassaƙa maganar, ga abin da ya fito: na bar fitila a buhu, kuskurena ne kuma da shi zan mutu, ban tura shi ba, na bi shi. Duk lokacin da waccan ta zo, sai in tare ta da wannan, a fili, ko a gona ko a hanya. Wannan ce maganar da mutane suka ji ina yi ni kaɗai.

Saura magana ta biyun, ta Talatu, ita ta fi tauri. Likita ta tambaye ni ko Talatu ta taɓa ce min ba ta son ganina. Na ce ba sai ta faɗa ba. Ta ce na yanke wa matar hukunci ban ji bakinta ba, in je in tambaya. Na ce gara ta ce in koma cikin waccan rijiyar. Ta ce ba rana ɗaya ba, taki-taki. Makon farko in wuce ta ƙofar kawai in je masallaci. Na wuce. Na biyu in yi sallama a zaure in juya. Na uku na shiga. Talatu tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ta rame, yaran suka tsaya suna kallona kamar baƙo. Ta shimfiɗa min tabarma, ta gaishe ni, ta sallami yaran waje. Ban iya kewaye ba, na ce mata na zo ne in tambaya ko za ta fi samun sanyi in ba ta ganina a duniya. Ta daɗe tana murza gyaɗa guda a hannu.

"Yaya, gaskiya kake so?"

"Ita na zo nema."

"Da farko na so a ce kai aka ciro gawa. Sati biyu ina son haka. Na roƙi Allah gafara, ya wuce."

Na ce, "Kin yi gaskiya."

"Tsaya, ban gama ba. Sale na san shi, ko a gida ba ya jiran tuwo ya huce. Ban taɓa cewa kai ka kashe shi ba. Amma wata takwas yaran nan suna leƙa zaure, kai kuwa kana zagayawa ta bayan makabarta kamar mu ne masu kuturta. Ƙaramin ya tambaye ni ko Baba Garba ma ya mutu. Wannan ba rijiya ta yi ba, Yaya. Kai ka yi."

A nan na yi kukan da ban yi a makoki ba, a gaban matar ƙanena, ba kunya. Ta bar ni na gama. Sannan ta turo min faifan gyaɗar ta ce tunda na zo in yi amfani, katangar bayan gida ma ta zube tun damina, tana jiran ta ga ko Sale ya bar ɗan'uwa. Washegari na kwaɓa ƙasa. Ranar ƙulli biyu na yi.

Abin bai tafi a miƙe ba. Akwai makon da na koma takwas, na gaya wa uwarku kamar yadda na yi alkawari, ta kira lambar, aka wuni da ni. Amma na riga na ga yana sauka, shi ya sa na iya jira.

A lokacin gari ya gama ɗinke labarinsa. Wata Juma'a bayan an sauko, muna rumfar ƙofar masallaci, wani abokin wasana ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ga angon ɗorawa! Garba, aljanar taka tana jin Hausa kuwa?"

Na ce, "Tana ji. Har ta fi ka."

Aka yi dariya. Da na bar shi a nan da ya wuce, don a ce mutum aljani ya shafe shi ba abin kunya ba ne a wurinmu, ana tausaya masa, a yi masa rubutu, a ci gaba da kiransa aiki. Uwarku ma ta so in bar shi haka. Na duba fuskokinsu na ga ba zan iya ba, na gaji da ɗaukar magana a ciki. Na ce musu ba aljana ba ce, likita ce. Na ce bayan Sale na so kashe kaina, matata ta gane, ana yi min magani ta waya, kuma yana aiki. Wani dattijo ya ce a'uzu billahi ya ja tabarmarsa gefe. Limaminmu ne ya buɗe baki, ya ce wanda Shaiɗan ya kai bakin rami ya juyo ya nemi magani, a taya shi addu'a ne, ba a ja masa tabarma ba. Ya ɗaga hannu, wasu suka ɗaga, wasu ba su ɗaga ba.

Na biya kuɗin wannan maganar, kuma kun biya tare da ni, shi ya sa nake muku bayani. Akwai gidajen da muka yi wa rijiya tun zamanin ubanmu, har yau ba su sake kirana ba, wai ba za su sha ruwan da mai irin wannan tunanin ya taɓa ba. Akwai wanda muke cin abinci a kwano ɗaya tun muna yara, ya daina. An zolaye ku a makaranta da islamiyya, na sani. Ban yi nadama ba. Maza biyu sun same ni a gona a ɓoye, kowa da ranarsa, suka tambayi yadda ake samun likitar. Ba zan faɗi sunansu ba. Dukansu suna raye.

Da muka cika wata huɗu Likita ta ce mun gama, sauran aikin nawa ne, in ya taso in kira. Na tambaye ta ko in kawo mata buhun masara, ta ce in kai wa Talatu. Har yau ban taɓa ganinta ido da ido ba. In ta wuce ni a kasuwa ba tabarau, ba lallai in gane ta ba. Na mayar wa Rabi wayarta, ta ce na tsufar mata da ita. Na je wurin maƙwabcin nan na ce ya ba ni dagin ubana, ya ce dama bai taɓa haƙa da shi ba, ajiya ya ɗauke shi. Da bazara na sake sauka rijiya, a Ƙofa, gaba tara. Na tsaya a ƙasa na ɗaga kai na ga hasken sama kamar faifai, na yi wa Sale addu'a, na cika guga na ce a ja.

Yanzu ina nan Ɗansoshiya, a gidan da kuka sani. Gwiwa ta hana ni sauka, ina sama, ni ke ba da umarni, kuma duk rijiyar da aka sa wa inji sai ta kwana a buɗe kafin in bar ɗan kowa ya leƙa ta. Na aurar da 'ya'yan Sale mata biyu daga hannuna. Tunanin bai mutu ba, yakan leƙo, galibi farkon bazara. In ya zo na san muryarsa, ina gaya wa uwarku, in ba shi amsarsa, in fita in nemi aiki. Shekarata sittin da wani abu, ina cin tuwo kwano guda, jikokina goma sha ɗaya. Jibi akwai sabuwar rijiya a Doguwa, na riga na karɓi aikin.